Doka ta Huɗu

Ƙarfe biyun dare a Gubi,
janareton ɗakin gwaji na tari,
daga ni sai kwamfuta sai shayin da ya huce.
A kan allo ɗigo ɗaya tak,
kamar ƙwayar gero da ta rage a faifai.

Dokoki uku na rubuta masa.
In ka ga fili a gefenka, ka rabu biyu.
In ka rabu, kar ka saki hannun ɗan'uwanka.
In maƙwabta suka kai huɗu,
ka kwance zare ɗaya ka miƙa wa na kusa.
Ban ba shi taswira ba.
Babu ɗigon da ya san fasalin gidan da ake ginawa,
iyakar saninsa wanda ke jikinsa.

Na danna.
Ɗaya ya koma biyu, biyu suka koma huɗu,
zare na laluben zare,
kafin in ajiye kofi allo ya cika da koma
wadda babu hannun da ya saƙa ta.

Ran Asabar na kai wa Baba Ɗanliti a bakin dam,
wanda muke sayen karfasa a wurinsa.
Ya daɗe yana kallon wayar, zaren ɗinki a haƙoransa.
Ya ce, wa ke riƙe da bakin igiyar?
Na ce babu kowa.
Ya ce, to wa zai ce mata ya isa?
Ya koma kan ɗinkinsa.

Dakta Ishaya ma abin da ya tambaya ke nan,
sai dai shi da jan biro.
Kyau kam ya yi kyau, in ji shi,
amma hoto ba hujja ba ne.
Kawo min a rubuce, layi bayan layi,
cewa abin nan zai tsaya,
ko daga ina aka faro shi,
ba inda kika gwada kaɗai ba.

Zai tsaya.
Kalmar ta biyo ni cikin motar makaranta har Yalwa,
ta zauna a inda Inna Tasalla ke zama.
Na tuna likitan da ya juya katin asibiti
ya zana mana da'ira, ya zana biyu, ya zana huɗu.
Ba baƙi ba ne, in ji shi, ƙwayoyin jikinta ne,
sun dai manta yadda ake dainawa.
Wata bakwai muka yi muna jigilar kunu.

Mako uku ina neman doka ta huɗu.
Na ce su ƙirga kansu,
ashe mai ganin maƙwabci kaɗai ba ya ƙirga gari.
Na naɗa musu shugaba,
Dakta ya soke, ya ce wannan ai kin dawo da magini.
Daga ƙarshe na ɗaura wa ɗigon farko guzuri,
lamba guda,
duk rabuwa a raba ta, kowa da rabinsa,
wanda nasa ya ƙare ya zauna.
Abin da ke raguwa ba ya raguwa har abada.
Rabin shafi hujjar ta ci.
Ya karanta sau biyu, ya sa hannu.

A daren na sake dannawa.
Komar ta yi girma, ta yi girma, ta tsaya cak.
Na yi hamdala.
Sai na ɗauki linzami na yage ta a tsakiya,
in ga ko za ta ɗinke.
Ba ta ɗinke ba.
Ɗigogin bakin ramin na kallon juna,
babu mai sauran guzurin tsallakawa.

Janareto ya mutu.
Na kunna fitilar waya, haske ya faɗa kan babban yatsana,
inda wuƙa ta yanke ni wajen feƙe kifin Baba Ɗanliti.
Kwana shida ke nan.
Fata ta taho daga nan, ta taho daga can,
sun haɗu, sun gaisa, sun tsaya.
Babu wanda ya kawo musu hujja.

Na buɗe sabon shafi.
Na rubuta: Doka ta biyar.
Har aka kira assalatu ban ƙara komai a ƙasanta ba.